Littafin aiki: tsayar da adireshin kwamfutar kantin Kawu

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025

Yau ma sai da ta faru. Wajen ƙarfe sha ɗaya aka ɗauke wuta, yaron kanti ya tada janareta, kwamfutocin gaban kanta biyu suka dawo, amma manhajar ciniki ta ce ba ta ga saba ba, wato kwamfutar da ke riƙe da lissafin kantin. Mutum bakwai a tsaye, har da wata dattijuwa riƙe da takardar likita tana fifita da ita. Yaya, wadda ke karɓar kuɗi, ta koma rubuta rasit da biro a bayan kwalin magani. Kawu ya bugo mini waya: "Injiniya, abin nan naka ya sake." Ba ni na kafa shi ba, wani ne shekara biyu da suka wuce. Amma tun da na gama makaranta, duk abin da ke da igiya a kantin nan ya zama nawa.

Bari in rubuta yadda wurin yake, don kar in manta. Kantin magani ne a Tudun Wadan Zariya. A ɗakin ajiya akwai tsohuwar kwamfuta mai Windows 10, ita ce saba, a cikinta lissafin kaya da farashi da ranar da kowane magani zai lalace suke. A gaba akwai kwamfutoci biyu na masu sayarwa, da firinta ɗaya. Duk an haɗa su da kebul zuwa rauta, na'urar da ke haɗa su da juna da intanet, mai cin layin waya, adireshinta 192.168.0.1. A cikin manhajar masu sayarwa akwai wani ɗan akwati da ake rubuta adireshin saba, can suke zuwa neman farashi.

Na buɗe cmd, tagar rubuta umarni, a saba na rubuta ipconfig don in ga adireshinta. Ta ba ni 192.168.0.104. A akwatin masu sayarwa kuwa 192.168.0.101 ne a rubuce. Ciwon ke nan.

Rauta ce ke raba lambobi ta hanyar da ake kira DHCP, kuma aro take bayarwa ba kyauta ba. Na shiga shafinta na duba: tana rabawa daga .100 zuwa .199, wa'adin aro minti 120. Da wuta ta ɗauke, rautar nan sai ta manta wa ta ba me. Wayoyin ma'aikata kuwa da batirinsu a jiki, rauta na tashi sun shige layi sun kwashe lambobin farko. Ita saba sai ta yi minti uku ko huɗu tana nishi kafin ta farka, ta nemi tsohuwar lambarta, a ce mata an riga ta. Yau wayar yaron kanti ce ke zaune a .101.

Watanni ke nan ina yin maganin wucin gadi: in zo, in duba sabuwar lamba, in canza a kwamfutocin gaba, in tafi. Na gaji da hawan acaɓa a kan wannan. Na ce wa Kawu gobe zan ba saba lamba tata ta kanta wadda ba ta canzawa. Ya ce minti nawa zai ɗauka. Na ce biyar.

Talata, 4 ga Nuwamba

Ba minti biyar ba ne.

Na zaɓi 192.168.0.10, saboda tana ƙasa da .100, rauta ba za ta ba kowa ita ba. Kafin in taɓa komai na yi mata ping, wato na ƙwanƙwasa in ji ko akwai mai ita, daga kwamfutar Yaya, ba wanda ya amsa. Na duba jerin na'urorin da ke shafin rauta, babu mai ita. Na ce to, fili ne babu mai shi.

Bayan La'asar, da ciniki ya lafa, na shiga Settings, Network & Internet, Ethernet, na danna Edit a wajen IP, na sauya daga Automatic zuwa Manual, na kunna IPv4. Akwatuna biyar suka fito. Na cika su da sauri kamar yadda aka koya mana: adireshi 192.168.0.10, na biyu 255.255.255.0, gateway 192.168.0.1, DNS na farko 192.168.0.1, na biyu 8.8.8.8. Na danna Save. Sai ga rubutu ja:

"Can't save IP settings. Check one or more settings and try again."

Wato ta ƙi adanawa, in sake duba abin da na rubuta. Na duba ɗigo-ɗigo, ban ga kuskure ba. Na goge na sake rubutawa. Na canza lambar zuwa .15. Na cire DNS na biyu. Na kashe kwamfutar na kunna. Na tabbatar da asusun da nake ciki na mai cikakken iko ne. Sau shida ina danna Save, sau shida tana maido mini da jan rubutun nan. Kawu ya leƙo sau biyu bai ce komai ba, kuma wallahi da ya yi magana da ya fi mini sauƙi.

Da aka kira Magariba na mayar da ita Automatic, na ɗauki hoton akwatunan da waya, na tafi gida.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Daren jiya na ari laftof ɗin ƙanwata, mai Windows 11, don in gwada a natse. Na cika akwatunan da lambobin rautar gidanmu, na danna Save, ta karɓa ba gardama. Sai na ɗauko hoton da na ɗauka a kanti na jera su. A nata, akwati na biyu sunansa "Subnet mask". A na kanti sunansa "Subnet prefix length". Idona ya ga kalmar farko, hannuna ya ƙarasa sauran da ka. Ba 255.255.255.0 akwatin ke nema ba. Lamba ɗaya tak yake so: 24.

Abu ɗaya ne aka faɗa ta hanya biyu. Adireshin IPv4 bit 32 ne, kowane bit 0 ne ko 1, an kasa shi gida huɗu, kowane gida bit takwas. Idan duk takwas ɗin suka zama 1, shi ne 255. To 255 sau uku ya zama bit 24 a jere. Ma'anarsa, gidaje ukun farko, 192.168.0, su ne sunan unguwa, gida na ƙarshe shi ne lambar ƙofa. Unguwa irin wannan tana da lambobi 256, amma .0 sunan unguwar ne kanta, .255 kuma ta shela ce ga kowa, saura 254 na zama. Da 255.255.0.0 ne da 16 zan rubuta, da 255.255.255.128 ne da 25. Duk wannan na rubuta shi a jarrabawa na ci. Karanta sunan akwati ne ban yi ba.

Ƙarfe takwas da rabi na safe na isa kanti, na rubuta 24, na danna Save. Shiru, babu jan rubutu. ipconfig ya nuna 192.168.0.10. Na gyara akwatin masu sayarwa duka biyu, Yaya ta gwada fitar da rasit ɗin farasitamol, ya fito. Na cire wa rauta wuta da gangan, na mayar, saba tana nan a .10 daram.

Na ce wa Kawu an gama. Ya ce, "Allah ya sa." Na lura bai ce madalla ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da dare

Ƙarfe bakwai saura Yaya ta kira. An ɗauke wuta, an tada janareta, manhaja ba ta ganin saba. Na ce ba zai yiwu ba. Ta ce, "To zo ka faɗa wa kwamfutar ba zai yiwu ba."

Na samu layi har bakin ƙofa, lokacin da mutane ke tasowa daga asibiti ke nan. Na shige ciki na rubuta ipconfig /all, ga abin da na gani: 192.168.0.10 tana nan, amma a gabanta an rubuta Duplicate, sannan a samanta ga wata baƙuwar lamba mai farawa da 169.254.

Wannan na san shi. Kafin Windows ta zauna a kan lamba, sai ta yi kira cikin unguwa ta hanyar ARP: akwai mai wannan? Idan ba a amsa ba ta zauna. Idan wani ya amsa, sai ta janye, ta ba kanta lamba daga cikin 169.254, rukunin da aka keɓe wa na'urar da ta rasa matsuguni. Da irin wannan lambar masu sayarwa ba za su same ta ba, intanet ma ba za ta shiga ba. Ke nan akwai wani a kantin nan da ya amsa cewa .10 tasa ce. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma tawa ce ta sauka.

Ba lokacin bincike ba ne. Na mayar da ita Automatic, rauta ta ba ta .106, na canza a gaba, aka sallami mutane. Na koma inda na fito ranar Litinin.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Ranar da na ɓata wa mutane rai a banza.

Da safe na sake saka .10, ta zauna lafiya lau, babu Duplicate. Wannan ya ƙara ɗaure mini kai. Na yanke cewa wayar wani ce, na canza kalmar sirrin Wi-Fi, na kori wayoyi tara a lokaci guda. Yaron kanti ya zo yana cewa, "Ni me na yi?" Na ce masa bincike ake yi. Yaya ba ta yi mini magana ba har aka sauko daga masallaci. Da na tsaya na yi tunani minti ɗaya, da na gane waya ba za ta samu .10 ba, tun da rauta daga .100 take fara rabo, kuma ba wanda zai zauna ya rubuta wa wayarsa adireshi da hannu a cikinsu.

Ban tsaya nan ba. Na tuna umarnin da ake yawan ba da shawara a kai, netsh int ip reset, na buga shi, na sake kunna kwamfutar. Abin da ya yi mini shi ne ya share lambobin da na saka, ya mayar da saba kan Automatic, ana tsakiyar ciniki. Umarnin bai yi laifi ba, aikinsa ke nan, ana amfani da shi ne idan tsarin TCP/IP na cikin Windows ya rikice. Nawa bai rikice ba. Maganin ciwon ciki na ba mai ciwon haƙori, kuma a kantin magani. Na sake saka mata .10.

Da dare ba a ɗauke wuta ba, amma Yaya ta turo saƙo: daga bayan Magariba abin yana zuwa yana tafiya, rasit ɗaya ya fita, na biyu ya maƙale. Babu waya ko ɗaya a kan layin. Na tura mata sabuwar kalmar sirri tare da ban haƙuri.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Yau na yi abin da ya kamata in yi tun daren Alhamis. Na buɗe Event Viewer, na shiga Windows Logs, System, na tace da lamba 4199. Ga shi nan, daga Tcpip, ranar Alhamis ƙarfe 6:47 na yamma: an samu karo a kan 192.168.0.10 da wata na'ura, har da adireshin MAC ɗinta, wato lambar shaidar da ke jikin na'urar, haruffa da lambobi goma sha biyu. Windows ta rubuta sunan abokin faɗan nata tun a daren, ni ne ban je na karanta ba.

Na kwafe shi a takarda na bi kowa. Kwamfutocin gaba na buga musu getmac, bai yi daidai ba. Firinta na sa ta fitar da takardar bayaninta, ba ita ba ce. Wayoyi ban ma wahalar da kaina ba. Tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi ke ƙirƙirar MAC na bogi ga kowace Wi-Fi, kuma ana gane irinsa da harafi na biyu, sai ya zama 2, 6, A ko E. Wanda ke hannuna ba haka yake ba, na ainihi ne daga masana'anta. Haruffa shidan farko na irin wannan suna nuna kamfanin da ya ƙera, hukumar IEEE ce ke rajistarsu. Na bincika. Wani kamfani ne a ƙasar Sin mai yin kyamarorin tsaro.

Na ɗaga kai. Kyamara na kallona daga saman shelf ɗin sirof.

Na bi kebul ɗin da ke rami na huɗu a bayan rauta, wanda tun Litinin nake ɗauka na firinta ne. Ya bi ta silin ya sauka ofishin Kawu, a saman kabad, bayan tarin tsofaffin kalandu. Akwatin naɗar hoton kyamarori ne, ƙura ta rufe shi, fitilarsa a kashe.

"Kawu, wannan ba ya aiki ne?"

"Yana yi mana. Sai zan tafi gida nake kunna shi, bayan Magariba."

"Da rana fa?"

"Da rana ni ne kyamara. Ina zaune a nan, me zai gani wanda ban gani ba? Wuta kawai zai sha."

Nan komai ya jeru. Ranar Talata da na yi ping da La'asar, akwatin yana barci. A jerin rauta bai fito ba saboda bai taɓa roƙon aron lamba ba, da hannu aka rubuta masa tasa. Daren Alhamis Kawu ya kunna shi ya tafi, aka ɗauke wuta, da janareta ya tashi akwatin ya riga saba farkawa ya zauna a .10. Daren Juma'a kuwa saba ce a zaune ya zo ya same ta, shi kuma bai da kunyar janyewa, sai suka riƙa amsa kira su biyu, kwamfutocin gaba wani lokaci su kai tambayar farashin magani wajen akwatin kyamara.

Na matsar da saba zuwa .20, na kunna akwatin, na rubuta 192.168.0.10 a burauza. Shafin shiga na kyamarori ya buɗe. Na buga arp -a, MAC ɗin ya yi daidai da na takardata harafi da harafi.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Na kira mutumin da ya saka kyamarorin. Na ce, "Oga, akwatin nan .10 ka ba shi?" Ya yi dariya ya ce duk inda ya yi aiki .10 yake bayarwa, don kar ya manta. Ban ga laifinsa ba, nima dalilin da ya sa na zaɓe ta ke nan, lamba ce mai daɗin tunawa. Ya ce in ina so ya zo ya canza, amma sai Alhamis. Na ce ya bari. Ya riga mu zama, kuma wayar Kawu tana ganin hoto lafiya, ba zan taɓa abin da ke aiki ba.

Saba ta tabbata a 192.168.0.20. Wannan karon na gwada lambar da rana, na gwada da dare akwatin yana kunne, kafin in yarda da ita. Daren Asabar da na Lahadi duk an ɗauke wuta, ba wanda ya kira ni.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Da safe saba ta ce kebul a cire yake, alhali yana ciki. Fitilun ramin da ke bayanta ba sa kamawa. Na canza kebul, na canza rami a rauta, shiru. Na sa kebul ɗin a laftof, ya kama nan take. Ramin sabar ne ya mutu. Maigadi ya ce cikin dare an kawo wuta mai ƙarfi har ƙwan waje ya fashe.

Na je unguwar PZ na sayo adafta mai shiga ramin USB ta ba da ramin kebul. Na shiga BIOS, saitin da ke zuwa kafin Windows ta tashi, na kashe mataccen don kar ya riƙa rikita ni. Windows ta ga adaftar a matsayin sabon kati, ta sa mata suna Ethernet 2, kuma a kan Automatic, don lambar da aka tsayar tana bin kati ne ba kwamfuta ba.

Wannan karon ta tsohuwar hanya na bi: Windows da R, ncpa.cpl, Properties, Internet Protocol Version 4. A nan 255.255.255.0 ake rubutawa, har ma ita ke cika maka da kanta. Na saka .20, na danna OK, sai ga wani dogon saƙo: wai lambar nan an riga an ba wani kati da ba ya cikin kwamfutar yanzu, shin ina so a cire masa ita? Mamaci ne ke riƙe da gado. Na danna Yes. Don in tabbata, na buɗe Device Manager, View, Show hidden devices, na ga tsohon katin a dusashe ƙarƙashin Network adapters, na cire shi gaba ɗaya.

Ina murna, sai matsala biyu a jere. Ta farko, masu sayarwa ba sa ganin saba duk da tana .20, ko ping ba ta amsawa. Ashe Windows ta ɗauki layin a matsayin na baƙon wuri, ta sa shi Public, katangar tsaro ta rufe ƙofar da manhajar ke bi, don iznin da aka ba ta na Private ne kawai. Na mayar da shi Private, suka gan ta.

Ta biyu, Kawu ya zo zai buɗe imel ɗin dillalin da ke kawo masa kaya daga Legas, shafi ya ƙi buɗewa. Na yi ping 8.8.8.8, ana amsawa. Na yi ping google.com, wai ba a san sunan ba. Hanya a buɗe take, mai fassara suna zuwa lamba ne babu. Cikin gaggawa na bar akwatunan DNS fayau, kuma tsohuwar tagar ba ta hana ka. Na cika su, imel ya buɗe.

Azahar da La'asar na haɗa a gida, abincin rana kuwa biskit ne.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Ƙarfe huɗu saba ta ɓace. Na zo na tarar da Ethernet 3, a kan Automatic, da lamba .108. Yaron kanti ne ya ga adaftar a ramin gaba, shi kuma yana son cajin waya, sai ya mayar da ita ramin baya. Bai cire komai ba a ganinsa, ya ma kyauta. Amma adaftar irin mai arha ce, da ta canza rami sai Windows ta ɗauke ta sabuwa.

Ban yi faɗa ba, bashin ranar Juma'ar da ta wuce yana kaina. Na bar ta a bayan, na rubuta umarnin a ɗan fayil don ko bana nan a iya bugawa:

netsh interface ipv4 set address name="Ethernet 3" static 192.168.0.20 255.255.255.0 192.168.0.1

Sannan na naɗe adaftar da salatif ɗin rufe kwali, na saya wa yaron kan caja.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Kawu ya fara jin daɗin abin, sai buri ya tashi. Ya ce tun da yanzu kwamfutar tana da adireshi tsayayye, ya rubuta shi a wayarsa ya riƙa duba cinikin rana daga gida.

Na ce ba zai yiwu ta haka ba. Lambobin da ke farawa da 192.168 na cikin gida ne, tun 1996 aka keɓe su a takardar RFC 1918, tare da masu farawa da 10 da kuma 172.16 zuwa 172.31. Ba sa fita titi. A yanzu haka gidaje da shaguna marasa iyaka suna da na'ura a 192.168.0.20, kamar yadda kowane gida ke da ɗakin da ake kira ɗakin tsakiya. In ya rubuta ta a gida, rautar gidansa za ta neme ta ne a cikin gidan.

Ya ce to a ba shi lambar titin. Na buɗe shafin rauta na nuna masa: a ɓangaren waje ma 100.72 take farawa. Wannan cikin rukunin 100.64 zuwa 100.127 ne, wanda aka ware wa kamfanonin sadarwa a 2012 don su tara kwastomomi da yawa a bayan lambar waje guda. Dalili shi ne lambobin sun yi kaɗan. Bit 32 bai wuce adireshi biliyan 4.3 ba, kuma tun Fabrairun 2011 babbar ma'ajiyar IANA ta raba na ƙarshe ga hukumomin yankuna biyar, ciki har da AFRINIC ta Afirka mai hedikwata a Morishus. Mai layin waya irin namu ba ya samun tasa shi kaɗai sai ya nema ya biya, in ma ana bayarwa.

"To ya aka yi nake ganin kyamara daga gida?"

Tambaya mai kyau, Kawu ba ya karatun kwamfuta amma ba a yi masa wayo. Na ce akwatin kyamara shi ke fita da kansa ya je ya yi sallama a sabar kamfanin da ya ƙera shi, wayarka ma ta je can, sai a haɗa ku. Fita ba a hana kowa, shigowa ce ke da wuya. In yana son ganin ciniki, sai mun samo hanya irin wannan, mai fita daga ciki. Kuma ni a raina ban so a buɗe lissafin kantin ga duniya a kan wannan tsohuwar kwamfutar ba, ko da akwai hanyar. Ya ce in bincika kuɗin. Wato ba yanzu ba.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Kwana takwas ba a kira ni ba, sai yau na zo da kaina don in ɗaure sauran bakin zaren.

Firinta ma aro take ci, kuma ranar da lambarta ta canza za a sake nemana. Ita ban shiga cikinta na rubuta mata ba, madannanta uku ne kacal, wahala ce. A shafin rauta na yi mata ajiya: duk lokacin da wannan MAC ɗin ya zo, a ba shi .130. Wannan ajiyar ba ta gogewa da ɗaukewar wuta, tana cikin saitin rauta. Da tun farko haka na yi wa saba, da ban haɗu da jan rubutu ba, da ban yi karo da kyamara ba. Amma da adaftar ta canza MAC ya canza, kuma ranar da wani ya danna ɗan maɓallin bayan rauta komai ya tafi. Don haka saba na bar ta da tata a jikinta, na kuma sauke kwafin saitin rauta a filashi na ba Kawu ya sa a durowar da yake kullewa.

Na ɗauki farar takarda na rubuta da maka: .1 rauta, .10 akwatin kyamara, .20 saba, .130 firinta, .100 zuwa .199 na rabo. Kowanne da MAC ɗinsa da ramin da kebul ɗinsa ke ciki. A ƙasa na ƙara: Windows 10 a rubuta 24, Windows 11 a rubuta 255.255.255.0. Na manna ɗaya a bangon da ke bayan rauta, ɗaya a gefen saba.

Bayan an rufe kanti muka yi gwaji ni da yaron. Ya kashe babban makunni sau uku, akwatin kyamara a kunne, wayoyi biyar a kan layi. Sau uku kowa ya koma mazauninsa. A na ukun Yaya ta fitar da rasit kafin fankar silin ta gama ɗaukar gudu.

Abin da ya rage shi ne sabar kanta. Tun 14 ga Oktoba aka daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum, ita kuma ba ta da TPM 2.0, ɓangaren tsaron da Windows 11 ke buƙata, ba za ta ɗauki 11 ba. Ramin kebul ɗinta ya mutu, batirin UPS ɗinta, mai riƙe ta in an ɗauke wuta, ba ya riƙe ko minti ɗaya, ga ƙurar hunturu ta fara shigowa, fankarta har ta canza murya. Na ga wata 'yar Kwatano mai kyau a PZ, na gaya wa Kawu farashin. Ya cire tabarau ya goge, ya ce a bari sai an gama ƙidayar kaya ta ƙarshen shekara. Na ce to batirin fa? Ya ce shi wannan in je in sayo ranar Litinin, in kawo masa rasit.